Mai Kawo Baƙo Shi Ke Yi Masa Tafinta

Tun kafin zuwan Nasara akwai hanya tsakanin Faraku da Jugu, garuruwa biyu na arewacin ƙasar Benin waɗanda a takardun gwamnati ake rubuta su Parakou da Djougou. Hanyar fatake ce. Ayari yakan taso daga Kano ko Sakkwato, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya yada zango a waɗannan garuruwa kafin ya kai Salaga ta ƙasar Gwanja, inda ake sayen goro. Ta wannan hanya ce Hausa ta shigo, har yau kuwa ana jin ta a Zango da cikin kasuwanni tare da Dendi da Bariba da Fillanci da Yarabanci da Faransanci. Yaron da ya tashi a nan yakan iya harshe uku kafin a sa shi makaranta. Saboda haka mutanen wurin sun san aikin tafinta. Sun kuma san cewa wanda ya kawo baƙo gida shi ne zai gaya wa mutanen gida ko wane ne baƙon, daga ina ya fito, me kuma yake nufi da maganarsa.

A zamanin nan babu baƙon da ya kai fim yawan shiga gidaje. Ba ya sallama, ba ya jiran a yi masa iso. A cikin ɗan memori wanda bai fi farcen yatsa ba, mai tura finafinai a bakin kasuwar Arzeke zai zuba wa mutum na Indiya da na Koriya da na Turkiyya da na Amurka, yadda iyali za su yi wata guda suna kallo. Mafi yawansu ba su jin harshen gidan da suka shiga. Waɗanda suka fi tara iyali wuri ɗaya kuwa su ne na zamanin dā, masu sarakuna da dawakai da takubba, domin kowa yana son ya ga yadda mutanen dā suka zauna. To, a nan ne ake bukatar lura. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Abin da yaro ya gani da idonsa a talabijin ya fi zama a ransa bisa ga abin da malami ya karanta masa a aji. In fim ya ce haka tarihi yake, wa zai ce wa yaron a'a?

Akwai wani dattijo a Faraku da ya ɗauki wannan tambaya da nauyi. Iyayensa mutanen Arewa ne, ta wajen Dogondutsi a ƙasar Nijar. Bayan mahaifinsa ya tuɓe kakin soja, aikin jirgin ƙasa ya zaunar da su a Faraku, gama nan ne layin dogo da ya taso daga Kwatano, mai tsawon kilomita 438, ya tsaya tun 1936, nan kuma aka yi shekaru ana sauke kayan Nijar ana ɗora wa manyan motoci. Shi ma a rumbun kayan tashar ya yi aikin akawu har ya yi ritaya, shi ya sa yara da manya ke ce masa Baba Akawu. Yana cikin 'yan tsirarun Kirista masu jin Hausa a garin. Yana da ƙanwa gwauruwa a Jugu, mai sayar da atamfa, wadda 'ya'yansa ke kira Gwaggo har sunan ya bi ta. Shi an sa shi lakwal, ita ba a sa ta ba. Karatun Hausa kaɗai ta koya a ajin manya na majami'a. Tsakaninsu kimanin kilomita 135 ne. Sau ɗaya a wata yakan ba direban motar haya ambulan ya kai mata, a ciki akwai memori da wasiƙa ta Hausa mai shafi biyu.

A silima ya koyi kallo. Yana saurayi, a shekarun 1970, sukan shiga da abokansa Musulmi na Zango su kalli finafinan Indiya, ba ko ɗaya a cikinsu mai jin Indiyanci. Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne Mother India, wanda Mehboob Khan ya yi a 1957. Labarin wata mace ce mai suna Radha da mai ba da bashi da ruwa ya cinye gonarta, ta ja garma da wuyanta kamar sa, ta reni 'ya'yanta cikin yunwa, daga baya ta harbe ɗan cikinta domin kada ya keta mutuncin wata yarinya. Kowa a cikin silimar ya san mai ba da bashi, kowa ya san uwa mai wahala, saboda haka hawaye bai nemi fassara ba. Amma dalilin da ya sa uwa ta ɗauki bindiga ya nemi fassara. A kowane benci akwai wanda ya riga ya ga fim ɗin sau biyar, shi ke raɗa wa sauran abin da ake faɗa, wani lokaci daidai, wani lokaci ya ƙara gishirinsa. Mutum goma sukan fita da labari iri uku. Tun a lokacin saurayin ya gane cewa abin da 'yan kallo ke kaiwa gida, rabi daga allo ya fito, rabi daga bakin mai raɗa. Da bidiyo ta zo a shekarun 1990, gidajen silima suka yi ta mutuwa, kallo ya koma tsakar gida, sai ya ga aikin mai raɗa ya faɗo a wuyan maigida.

Hanya uku ce fim ɗin baƙon harshe ke bi ya isa kunnen mutum. Ta farko, a cire muryar 'yan wasa a ɗora Faransanci, wannan ce ta fi yawa a Benin. Sai ka ga Fir'auna da sarkin Koriya da ɗan kaboyi duk suna magana da bakin mutanen Faris. Ta biyu, a bar muryar yadda take, a rubuta fassara a ƙasan hoto. Amma rubutun ba ya jiran mai karatu a hankali, wanda bai yi lakwal ba kuwa an rufe masa ƙofa gaba ɗaya. Ta uku, a ɗora Hausa, yadda Algaita ta Kano ta yi suna wajen fassara finafinan Indiya. Wannan ta buɗe wa tsofaffi da matan gida ƙofa, ba ƙaramin alheri ba ne, ko da yake a irin wannan aiki akan sa barkwancin gida inda mai fim bai sa ba. Baba Akawu yana da tasa hanya ta huɗu. Yakan nemi fim mai muryarsa ta asali da rubutun Faransanci, ya riƙe rimot a hannu, in an yi magana mai nauyi ya tsayar, ya juya ta da Hausa, sa'an nan ya saki. Fim ɗin awa biyu yakan ci dare biyu a gidansa. Jikoki sukan yi gunaguni, shi kuwa ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, yadda mutum ke rawar murya in yana roƙo ba ya shiga fassara.

Wasiƙar da yake haɗawa da memori ita ce tafintan da ke tafiya a madadinsa. Ba ya aika fim ɗin da bai kalla har ƙarshe ba, ko wa ya yaba masa shi. A kan kowane fim yakan rubuta ƙasar da aka yi shi da shekarar, zamanin da labarin ya faru, da ko ya dace yara su zauna. Yakan ce fim kamar magani ne, wanda ya tashi wani yana iya kwantar da wani. A ƙarshe yakan ja layi, ya rubuta abin da ya faru da gaske a sama, abin da mai fim ya ƙaga kuma a ƙasa. A Jugu, Gwaggo ce ke karanta wasiƙar da ƙarfi kafin a kunna, wata jikarta 'yar sakandare kuma ta riƙa juya rubutun Faransanci.

Bukatar wannan layi ta fara bayyana ne a finafinan da kowa yake tsammani ba su da haɗari. Wata ranar Lahadi malamar yara ta tambayi aji su ambaci mutanen da ke cikin Littafi Mai Tsarki, sai wani jikan Baba Akawu ya ɗaga hannu ya ce Ben-Hur. Yaron ba shi da laifi. Ya ga fim ɗin 1959, wanda ya ci lambar Oscar 11, ya ga Urushalima da sojojin Roma da kutare, ya kuma ga wanda ke tuƙa karusar dawakai shi ne dai mutumin da ya raba teku a The Ten Commandments na 1956, wato Charlton Heston. A ganinsa Musa ne ya sake dawowa. Sai da kakan ya zaunar da shi ya bayyana masa cewa Ben-Hur ƙagaggen labari ne da wani Ba'amurke, Lew Wallace, ya wallafa a 1880, soyayyar Musa da gimbiyar Masar da ke cikin ɗaya fim ɗin kuma ba ta cikin Littafin Fitowa. Ko fim ɗin Yesu na 1979, wanda ya bi Bisharar Luka, aka kuma fassara shi cikin harsuna fiye da 2,000 har da Hausa, bai bari ya wuce haka nan ba. Yakan tsayar ya gaya wa yara cewa fuskar nan ta wani ɗan wasa ce na Ingila mai suna Brian Deacon, babu wanda ya zana kamannin Almasihu a zamaninsa. Bai hana su kallo ba, kowace Kirsimeti ma shi ke kunnawa. Abin da yake so shi ne su san inda littafi ya tsaya, inda ɗan wasa ya ɗauka.

Daga nan ya juya ga finafinan da suka taɓa tarihin gida. Mahaifiyarsu takan ba su labarin Sarauniyar Lugu, wadda ta ƙi miƙa wuya sa'ad da rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Arewa a watan Afrilu na 1899. Da ya sami fim ɗin Sarraounia, wanda Med Hondo ɗan Muritaniya ya yi a 1986, ya kuma ci babbar lambar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1987, sai ya aika Jugu da murna. Washegari da dare waya ta yi ƙara.

"Yaya, wannan Sarauniyar tamu ce kuwa? Na kasa kunne har ƙarshe, ban ji ta yi Hausa ba."

"Ita ce. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, 'yar wasan ma 'yar can ce, shi ya sa kike jin Julanci."

"To, ashe har labarin gidanmu sai an yi mana tafinta."

Wannan magana ta daɗe tana yi masa yawo a rai. A wasiƙa ta gaba ya ja layinsa da kyau. Ƙone garuruwa gaskiya ne, kisan da aka yi a Birnin Konni gaskiya ne, harbe Kanal Klobb da Faransa ta aiko ya tsayar da rundunar a Yuli na 1899 gaskiya ne, haka kuma yadda sojojinsu suka juya suka kashe hafsoshin biyu bayan 'yan kwanaki. Amma ƙuruciyar Sarauniya da jawabanta daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980 suka fito, shi kuwa ƙagaggen labari ya gina a kan tarihi. Gwaggo ta tara jikokinta ta ba su labarin yadda ta ji shi daga bakin uwarta, suka ajiye shi kusa da na fim, suka ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Babbar gardama a gidan Faraku a kan The Woman King ta tashi, fim ɗin Amurka na 2022 a kan mayaƙa mata na Dahomey, waɗanda ake kira Agojie. Da Turanci aka yi shi, a Afirka ta Kudu aka ɗauka, labarin kuwa na 1823 ne, zamanin Sarki Gezo. Wata jikarsa 'yar shekara 14, wadda ta taɓa zuwa Kwatano ta ɗauki hoto a gindin mutum-mutumin jarumar nan mai tsawon mita 30 da aka buɗe a 2022, ita ta matsa a kalla. Tana kallo tana tafi. A karo na farko ta ga mata baƙaƙe 'yan ƙasarta suna korar maza a fagen fama, duniya kuma tana kallo. Kakan ya bari har aka gama, bai tsayar ba ko sau ɗaya. Kashegari bayan cin tuwo ya yi bayani. Agojie an yi su. Gezo ya yi sarauta daga 1818 zuwa 1858, a zamaninsa kuma Dahomey ta daina kai gaisuwa Oyo. Amma shugabar mayaƙan da ke roƙon sarki ya bar cinikin bayi ya koma ga manja, ƙirƙirar masu fim ce. Dukiyar Abomey a kan bayin da ake fitarwa ta Wida ta tsaya. A 1851 Gezo ya kai wa Abeokuta hari da matan nan a cikin rundunarsa, a 1852 kuma sai da jiragen yaƙin Ingila suka tsare gaɓar teku kafin ya sa hannu a takardar barin cinikin, wanda duk da haka bai mutu nan da nan ba.

Yarinyar ta ɓata rai. "Kaka, ka ɓata mini fim."

"Haba amaryata, jarumtakarsu tana nan, Faransawan da suka gwabza da su a 1890 da 1892 ma sun shaida. Sai dai waɗanda aka ɗaure da igiya aka kora bakin teku, su ma 'ya'yan wasu ne. In kin yi wa mai takobi tafi, ki tambayi a wuyan wa ta sauka."

Nan wani wanta ya sa baki, ya ce ai wannan aikin mutanen kudu ne, mu 'yan arewa hannunmu fes. Baba Akawu bai amsa ba a daren. Ya sa aka nemo masa Shaihu Umar, fim ɗin Hausa da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta a 1934, tun kafin ya zama Firayim Ministan Nijeriya na farko. An daɗe ana zaton fim ɗin ya ɓata, sai da aka gyara shi aka nuna a Balin ta Jamus a 2018. Labarin yaro ne da aka sace, ya bi ayari ya haye Sahara, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma aka mai da ita baiwa, ba ta gan shi ba sai daf da mutuwarta. A cikin wannan fim babu Bature mai jirgin ruwa. Masu sata da masu saye duk da rawani suke, wasunsu Hausa suke yi. Abin mamaki, nan ma sai da aka yi tafinta, gama jikokin da suka tashi cikin Dendi da Faransanci ba su san madugu ba, ba su san fatake ba. Da ya gama bayyana kalmomin, sai ya gaya musu cewa ayarin da ke bi ta Jugu ba kanwa da tufafi kaɗai yake ɗauka ba, Salaga kuwa kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro. Yaron ya yi shiru. Gaskiya ɗaci gare ta, amma dattijon yana ganin wanda ya koya wa jikansa laifin Abomey ya ɓoye masa na Zango, ƙiyayya ya koya masa da sunan tarihi.

Akwai fim guda da bai ba direba ba. Mahaifinsu yana cikin sojojin Afirka da Faransa ta kwasa zuwa Yaƙin Duniya na Biyu. Ya dawo da rai, amma har ya rasu bai taɓa ba da labarin yaƙin ba. Abin da 'ya'yansa suka sani shi ne yakan farka da tsakar dare yana ihu da wani gurguntaccen Faransanci na bariki. Camp de Thiaroye, wanda Sembène Ousmane da Thierno Faty Sow na Senegal suka yi a 1988, labarin irin waɗannan sojoji ne. Fiye da 1,000 aka sauke a sansanin Thiaroye kusa da Dakar a watan Nuwamba na 1944, bayan sun sha zaman fursuna a hannun Jamusawa. Suka nemi a biya su kuɗinsu da aka riƙe. Ran 1 ga Disamba sojojin Faransa suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama kuwa suna ganin adadin ya kai ɗaruruwa. Sai a Nuwamba na 2024 shugaban Faransa, Emmanuel Macron, ya amsa a rubuce cewa kisan kiyashi ne. Mahaifinsu ba ya cikin na Thiaroye, amma sojojin fim ɗin da wannan Faransanci na bariki suke magana da juna, domin daga ƙasashe dabam-dabam aka tattaro su, ba su da wani harshe da ya haɗa su.

Baba Akawu ya kalli fim ɗin shi kaɗai, ya san abin da zai yi wa ƙanwarsa. Ya shiga mota da kansa ya tafi Jugu, gama zumunta a ƙafa take. Suka kori yara, suka zauna su biyu. Ba a yi nisa ba Gwaggo ta kama hannunsa ta ce, "Yaya, tsaya. Muryar Baba ke nan." Ba ta jin kalmomin, amma ta san sautinsu tun tana 'yar shekara biyar. Da an ɗora wa fim ɗin Faransanci mai tsabta, ko ma Hausa, da ba ta ji komai ba. Ya juya mata maganganun ɗaya bayan ɗaya. Ya gaya mata inda masu fim suka ƙara, wato sun nuna harin da dare da tankoki, alhali kuwa da safe aka yi harbin. Akwai wani soja a fim ɗin da wahalar sansanin Jamusawa ta ɗauke masa magana, shi ya fara hango abin da ke zuwa, ba wanda ya kula shi. A kansa Gwaggo ta yi kuka. Ta ce shekara da shekaru tana riƙe da mahaifinsu a zuciya saboda zafin ransa da shirunsa, ba ta taɓa tambayar me ya gani ba. Dare biyu suka yi a kan fim ɗin, dare na uku kuma suka yi ta hira a kan tsohon, irin hirar da ba su yi ba ko a kwanakin makokinsa.

Kada mai karatu ya zaci aikin tafinta na masu lakwal ne kaɗai. Wata rana Gwaggo ta zo Faraku jiyya, sai aka kunna Si-Gueriki, fim ɗin gaskiya na 2002 da Idrissou Mora-Kpai, ɗan ƙasar Bargu, ya yi a kan mahaifiyarsa. Ya yi shekaru a Jamus, ya dawo gida ya tarar mahaifinsa ya rasu, sai ya juya na'urarsa ga matan gidan da bai san su sosai ba, domin a gidajen sarautar Bariba akan raba yaro da ɗakin uwarsa tun yana ƙarami. Da Bariba matan ke hira. Baba Akawu, wanda ya yi rayuwarsa a ofis, Baribancinsa bai wuce gaisuwa ba, ya dogara ga rubutun Faransanci. Gwaggo kuwa a tallar kasuwar Faraku ta girma. Tun kafin rubutu ya fito tana dariya. Ta karɓe rimot daga hannun wanta, ta riƙa tsayarwa tana bayyana habaici da zolayar da ke tsakanin kishiyoyi, abin da layi biyu na Faransanci ba su iya ɗauka ba. Jikokin da suka saba ganinta a matsayin tsohuwar da ake karanta wa rubutu suka zuba mata ido. Tun daga ranar, in direba ya kai ambulan Jugu, ba ya dawowa hannu wofi. Ita ma takan aiko da nata zaɓi da tata wasiƙa, da manyan baƙaƙe irin na ajin manya.

Yanzu kowane yaro da wayarsa da abin toshe kunne, yana iya kallon fim goma a ɗaki ba wanda ya sani. Babu dattijon da zai iya tsare wannan ƙofa, Baba Akawu ma bai gwada ba. Abin da ya riƙe shi ne daren Juma'a, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a fito da talabijin, maƙwabta Musulmi da Kirista su shigo, a kalli abu ɗaya tare. Amfanin wannan ya wuce daren. Yaron da ya saba jin ana tambaya wa ya yi fim ɗin nan, a wace shekara, me ya ƙara, me ya ɓoye, zai yi wa kansa waɗannan tambayoyi sa'ad da yake shi kaɗai da wayarsa. Jikar nan da ta ce an ɓata mata fim, ita ce yanzu ke bincika shekaru da sunaye kafin kakanta ya rubuta wasiƙa, gama idonsa ya fara rauni.

Abu ne mai sauƙi mutum ya ce wa ɗan'uwansa, kalli wannan, yana da kyau. Amma wanda ya faɗi haka ya aika baƙo gidan da akwai yara da tsofaffi da masu tsohon miki. Ya kamata ya riga ya zauna da baƙon har ƙarshe, ya san gaskiyarsa da ƙarin gishirinsa, ya kuma san mutanen gidan da zai shiga. In fim ɗin mai sauƙi ne, wasiƙa ta isa. In mai nauyi ne, sai ya bar aike, ya shiga mota ya kai shi da kansa.